Wata 8 ina zuwa cibiyar gashi bayan shanyewar ɓarin jiki: sun koya min tafiya, amma shiga mutane wani karatu ne daban

Yau wata 14 kenan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kada ni, kuma takwas daga cikin watannin nan nayi su ne ina sintiri a wata cibiyar gashi da motsa jiki, sau uku a sati da farko, daga baya aka mayar da ni sau biyu, yanzu kuma sau ɗaya a wata nake leƙawa a duba ni. Shekaranjiya wani tsohon ɗalibina ya kira ni, mahaifinsa aka sallamo daga asibiti da irin ciwon nan, yace Malam don Allah wurin nan da kake zuwa yana da kyau, mu kai Baba? Na buɗe baki zan ce masa e sai naji amsar ta fi ƙarfin e ko a'a, shi yasa na zauna nake rubuta wannan da babban yatsan hannun dama, ina yi ina hutawa. Ba zan kama sunan wurin ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ba tozarta kowa nazo yi ba, mutanen nan sun yi min abin da har in mutu ba zan manta ba.

Ni malamin lissafi ne, shekarata 49 lokacin da abin ya faru. Ina da hawan jini na sani, an ba ni magani, na sha na wata biyu naji garau na ajiye, wannan gangancin nawa ne ba na kowa ba. Da safe ina sa maɓallin riga sai hannun hagu ya ƙi bin umarni, nace ko kwanciya nayi a kansa, maiɗakina ta kalle ni tace Malam bakinka fa ya karkace, kafin in amsa mata ƙafar ma ta tafi. Muka zauna a gida ana jira ko zai sake ni, sai bayan awa bakwai muka isa asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna gudan jini ne ya toshe jijiya a ɓangaren dama, shi yasa hagu ta shanye, don kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa ɗaya gefen jikin yake juyawa. Likitan yace irin wannan na toshewa shi ne mafi yawa, wajen kashi 85 cikin 100, sauran kuma jijiya ce ke fashewa jini ya zuba, kuma akwai allurar da take narkar da gudan jinin amma sai an zo cikin awa huɗu da rabi. Mun makara. Don Allah duk wanda ya ga fuskar mutum ta karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, kar ya tsaya jiran komai.

To mu zo kan cibiyar. A keke aka turo ni ranar farko, zama ma sai an tokare ni da filo. Wanda aka haɗa ni da shi wani matashi ne bai fi shekara talatin ba, Baba yake ce min, kuma abin da ya fara gaya min shi ne in cire wa raina cewa kwanciya zanyi a ɗora min na'ura mai ɗumi a mammatsa ni in tashi na warke, don mutane da yawa in an ce gashi abin da suke zato kenan. Yace Baba ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba za su dawo ba, amma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe wasu hanyoyin kamar yadda ruwa ke neman mafita in an tare shi, kuma ba abin da ke buɗe hanyar nan sai maimaici, tashi zauna, tashi zauna, ɗaga ƙafa sauke, sau ɗari sau ɗari biyu, kuma watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin karɓa duk da ba a nan sauƙin yake tsayawa ba. Gaskiyar nan da ya gaya min tun farko ita ta sa na yarda da wurin.

Abu na biyu da ya saye ni, aunawa suke yi ba zato ba. Bayan sati uku ina dafa ƙarafan nan biyu da ake koyon tsayuwa a tsakaninsu, ya ja layi a ƙasa mita 10 ya ɗauko agogo yace bismillah. Sakan 33 nayi, wato mita 0.3 a sakan. Ya zauna ya nuna min ma'aunin da masu aikinsu suke amfani da shi, wanda bai kai 0.4 ba tafiyarsa ta cikin gida ce, daga 0.4 zuwa 0.8 zai iya ɗan fita kusa kusa, wanda ya haura 0.8 shi ake cewa ya isa yawo a gari. Ni da lissafi ne sana'ata ai shikenan an ba ni abin kamawa, duk sati biyu ana aunawa ina rubutawa a bayan littafi, 0.35, 0.4, wani satin ya tsaya cak inji kamar in fasa ihu, wani satin ya yi tsalle.

A ɓangaren aikin jiki kam ba ni da abin cewa sai godiya. Tun ranar farko suka ja wa maiɗakina kunne kar a kuskura a ja ni ta hannun da ya shanye wajen tada ni, saboda naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, ja ɗaya zai iya gocar da ita a bar mutum da ciwon da zai hana shi barci wata da watanni, kuma na ga waɗanda hakan ya samu a wurin. Ƙafata tana laɓewa ƙasa, yatsu na jan ƙasa ina tuntuɓe, suka auna ni aka yi min robar nan mai kama da harafin L da take riƙe idon sawu daga bayan ƙwauri zuwa tafin ƙafa, suka ce in nemi takalmi mai ɗan girma da zai ɗauke ta kuma kullum da dare a duba fatar ƙafar don ba lallai inji ba in ta goge ni. Sanda a hannun mai lafiya ake riƙe ta, ni da na zata a gefen ciwon ake riƙewa. A matakala ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, marar lafiyar ce ke fara sauka. Da yatsuna suka fara ɗan motsi sai suka dinga sa min safar hannu mai kauri a hannun dama na wasu awoyi don dole in yi aiki da hagu, dabarar wani masani ne Ba'amurke Edward Taub, wanda ya nuna cewa in mutum ya saba da barin hannun to ƙwaƙwalwa ma sai ta koyi mantawa da shi ko da akwai sauran ƙarfi a ciki. Wahala kam akwai ta, ranar da na ɗauki cokali da hagu na kai baki sai da matashin nan ya tafa min.

A wata na biyar agogo ya nuna sakan 12 da rabi. 0.8 cif. Aka ce Baba barka, yanzu kai ɗan gari ne.

Kuma a nan ne ƙorafina yake farawa, don ɗakin motsa jikin nan daɓensa sumul yake kamar tafin hannu, babu rami babu tudu, babu hayaniya, babu wanda zai bangaje ka, ga mutum a bayanka yana riƙe da bel ɗin da aka ɗaura maka a ƙugu. Washegari nace wa ƙanina ya raka ni in je in gaida wani abokina da ke tsallaken babban titi, tafiyar da da can minti biyar ce. Wallahi ban kai rabi ba. Ƙasa ba daidai ba, nan dutse nan gangara nan murfin kwata ya karye, sandar nan mai ƙafa huɗu da nake jin daɗinta a cibiya sai ta zama abin tsoro don in ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce ƙafafunta huɗun ba sa zama tare sai ta dinga rawa. Mutane na zuwa ta gaba ta baya, hon na motoci, wani ya kira sunana daga nesa na juya in amsa sai ƙafar ta tsaya cak kamar an danna mata birki, don ashe tafiyar da nake yi duk hankalina take cinyewa, in aka ƙara min abu na biyu sai ɗaya ya faɗi. Sau biyu ina buga kafaɗar hagu da abin da ke tsaye a gefen hanya, ƙanina yace Yaya ba ka gan shi bane? Ban gan shi ba, kuma idona lafiya lau. Da muka iso bakin titi na kalli faɗinsa na kalli motoci sai gwiwata ta hau rawa nace mu koma. Sati uku ban sake taka ƙofar gida ba sai in mota za a sa ni a kai ni gashi, kuma a can kullum cewa ake ina ci gaba, lambobi na ta kyau.

Wadda ta fitar da ni daga wannan ramin wata ma'aikaciya ce da ɗakinta yake can ƙarshen baranda, ƙaramin ɗaki, ita aikinta koya wa mutum ayyukan yau da kullum, sa kaya, wanka, rubutu, komawa sana'a. Wata biyar ina wuce ƙofarta ba wanda yace min in shiga. Maiɗakina ce ta ji wata mata tana zancenta a wurin jira ta matsa aka ba mu lokaci. Tambayar farko da tayi min, Malam me kake so ka koma yi? Sai nayi shiru, don tun da na kwanta kowa tambayarsa ya jiki, ya hannun, ya ƙafar, ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Nace abu uku Malama, in tsaya gaban allo, in tsallaka titin nan in gaida abokina, in hau motar haya ni kaɗai. Ta rubuta su a takarda ta manna a fayil ɗina.

Ita ce ta ba ni takarda mai layuka da yawa tace in soke kowanne da biro, na gama na miƙa mata, ta nuna min na bar na gefen hagu kusan duka ban taɓa ba. Tace ba makanta ba ce, ƙwaƙwalwar ce ta rage kula da abin da ke hagu, kuma ya fi samun waɗanda ciwon ya taɓa musu ɓangaren dama irina. Shi ne dalilin buge buge na a hanya. Ta koya min juya kai da gangan kamar fitilar da ke haska ko'ina, hagu dama hagu, har ya zama jiki. Sannan ta fitar da ni waje, wajen gaske, sau shida muna fita ita da ni da wani mai taimaka mata. Ta canza min sandar ta ba ni mai ƙafa ɗaya. Tana tafiya a gefena tana sa ni ƙirga daga 100 zuwa ƙasa ina cire bakwai bakwai, ni da na shekara ashirin da wani abu ina koyar da lissafi na kasa wuce 86 ba tare da na tsaya ba, abin ya taɓa min zuciya sosai amma da maimaici ya zo. Muka auna titin, mita 12 ne, a gudun 0.8 sakan 15 kenan in ba tsoro ba tuntuɓe, tace min a ƙasashe irin su Ingila ma da suke da fitilar masu tsallaka titi da mita 1.2 a sakan ake lissafa lokacinta, wato ko a can mai irin tafiyata fitila za ta canza yana tsakiyar titi. Don haka ba gudu za mu koya ba, dabara za mu koya, inda za ka tsaya direba ya gan ka, ɗaga sanda, raba titi biyu in akwai tsibiri a tsakiya, zaɓar lokacin da motoci suka ragu, da kuma rashin jin nauyin ce wa wani bawan Allah don Allah tsallaka da ni, ka tsaya ta hagu na amma kar ka ja hannun. Hawa mota, ciro kuɗi daga aljihu da hannu ɗaya ba tare da ka saki sanda ba, yadda za ka tashi in ka faɗi, duk sai da muka yi.

Fita shidan nan sun yi min abin da wata biyar na cikin ɗaki ba su yi ba, ba wai don na cikin ɗakin ba shi da amfani ba, ai ba don shi ba da ban miƙe ba ma. Amma me yasa sai wanda ya ji a bakin wani ne zai samu? Me yasa ba ya cikin tsarin kowa tun farko? Mutum nawa aka ce wa barka ka kai 0.8 ya koma gida ya zauna a ɗaki har yau? Wannan shi ne babban laifin da na ga wurin, kuma na faɗa wa shugabansu baki da baki.

Sai kuma abin da ba agogon da yake auna shi, wato mutane. Ba wanda ya shirya ni a kan wannan ko da kalma ɗaya. Maganata ta ɗan yi nauyi saboda harshe da leɓe sun yi rauni, amma hankalina garau, duk da haka mutum zai zo gaishe ni ina zaune ya kalli maiɗakina yace ya jikin nasa, yana gane mutane kuwa? Wani ya dinga ɗaga murya kamar kurma ne ni. Wani ina cikin magana ya ƙarasa min jimlar don ya gaji da jira. Wasu kuma kirki ne ya yi musu yawa, kana ƙoƙarin sa takalmi su fizge su sa maka, kana tashi su cafki hannun nan da aka hana ja. Abokai watan farko gida cike, wata na uku sai ɗai ɗai, wata na shida mutum biyu suka rage, ban riƙe kowa a zuciya ba don na gane da yawansu ba su san me za su ce min bane, amma zafin yana nan. Har a teburin karɓar baƙi na cibiyar kanta, inda ya kamata a fi kowa sani, sai a miƙa wa maiɗakina katin a tambaye ta yaushe za ku dawo da shi, ina tsaye a wurin da ƙafata.

Da na fara tafiya ba sanda a cikin gida kuma sai wata matsalar ta ɓullo, kowa yace ai Malam ya warke. Ba sa ganin gajiyar. Gajiyar bayan wannan ciwon ba irin ta wanda ya yi aiki ba ce, hira ta awa ɗaya cikin mutane biyar sai inji kamar an zare min batir, kai ya yi nauyi, magana ta ƙara harɗewa, kuma barci ba ya gama wanke ta. Kusan rabin waɗanda suka tashi daga ciwon nan suna fama da ita. Ga kuka, ina zaune wani ya faɗi abu kaɗan ko ma ba komai sai hawaye su ƙwace min na kasa tsayar da su, a gaban yarana, a gaban baƙi, wannan ya fi komai hana ni fita don ina tsoron ya same ni cikin jama'a. Na ɗauka imanina ne ya yi rauni. Ashe shi ma alama ce ta raunin ƙwaƙwalwar, wasu dariya ce ke ƙwace musu, kuma daban yake da ciwon damuwa wanda shi kuma yake kama kusan mutum ɗaya cikin uku bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma dukkansu akwai abin da likita zai iya yi a kai. Rashin sani ya fi dare duhu. A cikin wata takwas ba ma'aikaci ɗaya da ya zaunar da ni ya tambaye ni ya zuciyarka, kana barci, kana jin daɗin wani abu kuwa. Babu mai ba da shawara kan damuwa a wurin kwata kwata, sai da na koma wurin likitana na asibiti da kaina na faɗa masa.

A ina na ji bayanin kukan nan? A wurin ƴan uwana marasa lafiya. Cibiyar tana da wani zama ranar Asabar ta ƙarshen wata, waɗanda suka yi ciwon su haɗu a zauren jira su yi hira, kuma wannan ma ban san da shi ba sai a wata na shida, takarda ce ƴar ƙarama aka manna a bayan ƙofa. Wata baiwar Allah da ta shekara huɗu da ciwon ita ta ga hawayena tace Malam bar su su zuba, nima haka nayi shekara guda, in ya zo maka ka ja numfashi ka kalli wani abu ka ce wa mutane ciwon ne ba ɓacin rai ba, za ka ga sun saki jiki. Maganar minti biyu, ta buɗe min ƙofar da ta yi wata shida a rufe.

A zaman nan na haɗu da wani dattijo da shi ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ciwon ya taɓa, inda magana take ga mafi yawan mutane. Tafiyarsa ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, amma kalmomi sun ɓace masa, ya san abin da yake so ya faɗa sarai, yana gane duk abin da ake cewa, sunan ƴarsa da ke zaune kusa da shi ya gagare shi. In aka ɗauko waƙar da ya sani tun yana yaro kuma sai ya rera ta tiryan tiryan. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon nan suna samun wannan matsalar ta magana, kuma a ganina su ne aka fi zalunta wajen komawa cikin jama'a, don mai ɗingishi ana ba shi hanya, wanda kalma ta maƙale masa kuwa ana ɗauka hankalinsa ne ya taɓu, a daina shawara da shi, a yanke hukunci kan dukiyarsa da iyalinsa yana zaune yana ji. Mai gyaran magana a cibiyar sau ɗaya take zuwa a sati biyu, layi kuma ya yi tsawo, minti ashirin kowa. Wannan bai isa ba sam, kuma duk wanda matsalar ɗan uwansa ta magana ce to ya san da haka kafin ya dogara da wurin.

Maiɗakina ma tana da nata. Sun koya mata tada ni da kwantar da ni da kyau, Malamar ƙarshen barandar nan ma har gida ta zo ta sa aka ɗauke ƙananan shimfiɗun da ke zamewa, aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki aka sa kujerar wanka, aka ƙara fitila a hanyar da nake bi da dare. Amma ita kanta matar da ta shekara ba ta yi barcin kirki ba, bayanta na ciwo, ta bar nata harkokin, ba wanda ya taɓa ce mata ke fa ya kike. Ana kallonta kamar wani ɓangare na kayan aikin jinya.

Batun komawa aiki, takardar farko da suka ba ni layi biyu ce, wai ya samu sauƙi zai iya komawa bakin aiki. Da na kai wannan da an mayar min da darasi shida a rana a ajin da ke saman bene, in kasa a sati ɗaya a ce ai dama ba zai iya ba. Na koma na roƙi Malama ta rubuta dalla dalla, darasi biyu a rana da safe na wata biyu sannan a ƙara a hankali, aji a ƙasa kusa da banɗaki, kujera mai tsawo gaban allo, hutu a tsakani. Irin wannan gyaran ba alfarma ba ce, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta ambace shi a matsayin haƙƙin ma'aikaci. Har allo ta sa aka kawo ɗakinta muka gwada, ta lura rubutuna daga tsakiya nake farawa ina barin hagu fayau, ta manna jan tef a gefen hagu tace kullum sai idonka ya taɓa jan nan kafin alli ya taɓa allo. Yau wata uku ina koyarwa, tef ɗin yana nan a allon ajina.

Ƙananan abubuwa kuma, jira yana yin yawa, a ba ka ƙarfe tara a kira ka sha ɗaya saura alhali ƙarfin mai irin ciwon nan da safe yake. Sau uku ana canza min mai gashi kowanne sai na sake ba shi labari daga farko. Ƙofar banɗakinsu keke ba ya shiga sai da dabara, gangarar bakin ƙofa kuma ta yi tsaye da yawa mai tura kansa ba zai hau ba. Tsafta dai ba laifi, kayan aiki suna aiki, kuma ban taɓa jin ma'aikaci ya daka wa marar lafiya tsawa ba.

In maki zan ba su irin na aji, aikin jiki tara cikin goma, shirya mutum ya koma cikin jama'a biyar, kuma biyar ɗin nan kusan duka Malamar ƙarshen baranda ce da zaman Asabar suka ciyo musu. Ƙungiyar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, wadda take tunawa da shi duk 29 ga Oktoba, tana cewa mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa, wajen mutum miliyan 12 yake kadawa duk shekara, da yawa kuma irina ne masu sauran shekarun aiki da yara a gaba, ba za a ce an gama da mu don mun yi mita 10 a kan daɓe mai santsi ba.

Ɗazu na kira ɗalibin nan nawa nace ka kai Baba, kar ma ku ƙara sati a gida. Amma tun ranar farko ka nemi ɗakin ƙarshen baranda a sa sunansa, ka tambayi ranar mai gyaran magana, ka tambayi zaman Asabar, ka sa a rubuta a fayil abin da shi Baban yake so ya koma yi ba abin da ku kuke so ba, maganin hawan jininsa kuma ko sau ɗaya kar a tsallake don ciwon nan yana dawowa. In an yi masa tambaya kai ka yi shiru ka bar shi ya amsa da bakinsa ko zai ɗauki minti biyar. Yace to Malam in sha Allah. Ran Laraba za su fara, nima ranar nake da awo, nace su jira ni a bakin ƙofa mu shiga tare.